Yamai: birni na ta faɗi, hanyar talaka na ta tsawo

Babban birnin ƙasarmu ya canza kama cikin ƴan shekarun nan, wannan ba abin musu ba ne. An yi gadoji, an yi hanyoyin kwalta masu faɗi, an gina manyan otal-otal. Amma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: shin mai aikin gadi da ke kwana a Kwara Tagi, ko mai sayar da kayan miya da ke fitowa daga Saga, ko ɗan makarantar da ke zaune bayan unguwar filin jirgin sama, tafiyarsu ta kullum ta yi sauƙi ko kuwa ƙara wuya ta yi? Duk wanda ke tsayawa bakin hanya da safe yana jiran mota ya san amsa.

Tushen matsalar

Turawan mulkin mallaka sun ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai shi Yamai a shekarar 1926. Tsarin da suka yi wa garin na raba jama'a ne: ofisoshi da gidajen Turawa a kan tudun Filato, ƴan ƙasa kuma a ɗaya gefen ƙoramar Gunti Yena. Lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce kamar dubu 30 ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 1.026.848, kuma tun daga nan haihuwa da ci-rani da gudun fitina ba su daina ƙara yawan jama'a ba. Sai dai har yau ma'aikatu, bankuna, babban asibiti da manyan kasuwanni irin su Babbar Kasuwa da Katako da Wadata suna cunkushe a tsakiyar gari. Ke nan kowace safiya gari duka yana kwarara wuri ɗaya, da marece kuma ya watse.

Abu na biyu shi ne yadda ake yanka filaye. Shekara da shekaru, sayar da fili ya zama hanyar samun kuɗi mafi sauƙi ga hukumomin birni. A farkon shekarun 2000 ma, gwamnati ta biya ma'aikata wani sashe na bashin albashinsu da filaye. Daga baya masu yankan filaye masu zaman kansu suka shigo, gonakin gero na ƙauyukan kewaye suka koma fegi-fegi. A ƙa'ida, kafin a sayar da fili sai an fitar da hanya, an kai ruwa da lantarki, an haƙa magudanan ruwa. A aikace kuwa, turaku kawai ake kafawa a ba mutum takarda. Masu hali su sayi goma su ajiye suna jiran farashi ya hau, mai ƙaramin ƙarfi kuma a tura shi can bayan gari inda babu kwalta, babu famfo sai ƴan ga-ruwa. Ko dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa birnin ɗamara, mai faɗin wajen hekta 2.500, bai tsira daga wannan wawaso ba.

An yi aiki, amma don wa?

Ba mu raina abin da aka yi ba. Daga 1970 har zuwa 2011, gadar Kennedy kaɗai ce ke haɗa Harobanda da sauran gari. A 2011 aka buɗe gada ta biyu da ƙasar Sin ta gina, a 2021 aka ƙara ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Cikin shirin Niamey Nyala na zamanin shugaba Issoufou Mahamadou an gina gadojin sama uku: ta Mali Bero a 2013, ta dandalin Shahidai a 2016, da ta Diori Hamani a 2018. An kuma shimfiɗa babbar hanya daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019.

To amma gadar sama mai mota take yi wa amfani, alhali mafi yawan mutanen Yamai ba su da mota. Wani da ƙafa yake tafiya, wani a babur, wani sai ya jira taksi ko faba-faba. Kamfanin bas na birni, SOTRUNI, tun kafa shi cikin shekarun 1990 bai taɓa samun motocin da za su ishi gari ba. Jirgin ƙasan Yamai zuwa Doso kuwa, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa wa layi tsakanin 2014 da 2016, bai kai ga fara jigilar fasinja ta yau da kullum ba. An kashe kuɗi masu yawa wajen sauƙaƙa wa motoci wucewa, an bar jigilar mutane a hannun masu zaman kansu, kowa da ƙarfinsa.

Ba mu ɗora wa direbobi laifi ba. Mai taksi yana da kuɗin da zai kai wa mai mota kowane dare, ga mai, ga gyara. In ka ce masa unguwa mai nisa ko mai rairayi, ko dai ya girgiza kai ya wuce, ko ya ce sai ka biya kuɗin mutum biyu. Faba-faba na da rahusa, amma ba ta tashi sai ta cika, ba ta da lokaci, kuma manyan hanyoyi kawai take bi. Sauran tafiyar sai kabu-kabu ko adaidaita. An rage kuɗin mai zuwa 499 F lita a watan Yulin 2024, abin da jama'a suka yi maraba da shi. Amma ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025 ya nuna cewa birnin da ya dogara da dubban ƙananan motoci da babura, ran da mai ya yanke, tsayawa yake cak.

Mu yi ɗan lissafi. Albashi mafi ƙanƙanta a hukumance jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Mu ɗauka ma'aikaci na shiga mota biyu zuwa, biyu dawowa, kowace dala hamsin. Jika guda ke nan a yini, jika 26 a kwanakin aiki 26. Fiye da rabin albashi ya tafi a hanya, ba a yi maganar hatsi ba, balle haya da magani. Shi ya sa muke ganin mutane na taka sayyada tun asuba, wasu kuma na kwana a wurin aiki sai ƙarshen mako su ga iyali.

Abin da unguwa ke rasawa

Asarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. A tsofaffin unguwanni irin su Zongo, Gamkalle, Yantala ko Gudel, mutum ya san maƙwabcinsa, yaro na kowa ne, in an yi rasuwa ko suna kowa zai fito. A sababbin unguwanni kuwa, magidanci na fita kafin yara su tashi, ya dawo sun yi barci. Filayen da aka ware don makaranta, gidan likita ko wasan yara, sau da yawa sai a wayi gari an yanka su an sayar. Samari ba su da wurin zama sai fada a bakin hanya. Lokacin da aka rusa shaguna da rumfunan gefen titi a 2016, gari ya yi kyan gani, amma ƙananan ƴan kasuwa da yawa sun rasa wurin neman abinci kusa da masu saye. Ƙaramar Kasuwa ma da ta ƙone a 2012 an yi shekaru ba a mayar da ita a wurinta ba.

Sannan ga ruwa. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da Kirkisoi da wasu unguwannin bakin kogi. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai, har da ta Doso, aka yi kwanaki kaya ba sa shigowa yadda aka saba. A daminar nan fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, aka ɗage komawa makaranta har ƙarshen Oktoba. Ruwan sama daga Allah ne, amma ba da izinin gini a kan hanyar ruwa aikin mutum ne.

Mafita

Ba sai mun je ƙasar Turawa neman misali ba. A Dakar, tun 2005 hukuma ta tara masu ƙananan motocin haya cikin ƙungiyoyi, ta taimaka musu da bashi suka sayi sababbin bas, aka ba kowace ƙungiya layinta da tikiti da farashi sananne. Sai bayan wannan tushe suka kai ga manyan bas masu aiki da lantarki a kan hanyarsu ta kansu mai tsawon kilomita 18, waɗanda suka fara aiki a 2024. A Kano kuma, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu ne suka cike gurbin, cunkoso bai kau ba. Darasin a fili yake: hani kaɗai ba ya magani sai an tanadi abin da zai maye gurbi.

A ganinmu abubuwa huɗu ne ke gaba. Na farko, a zauna da ƙungiyoyin masu faba-faba da taksi a tsara layuka da tashoshi da farashi, a taimaka musu su sabunta motoci. Na biyu, a keɓe wa bas gefe guda a manyan hanyoyin da ke zuwa Talaje, Lazare da Harobanda, a yi wa masu tafiya ƙasa wurin takawa da inuwa. Na uku, kada a sake ba da izinin yanka fili sai an ga hanya da ruwa da magudana, a kuma sa haraji a kan filayen da aka ajiye shekaru ba gini. Na huɗu, a kai kasuwa da ofishin takardu da gidan likita cikin kowace da'ira daga cikin biyar ɗin birnin, don ba dole kowa ya shigo tsakiyar gari ba. Tun da aka rusa majalisun gari a watan Afrilun 2024, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da birane. Tunda ba zaɓensu aka yi ba, nauyin sauraron masu unguwanni da ƙungiyoyin jama'a ya ƙaru a kansu.

Mu kuma mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa, kada mu ce wannan matsalar ƴan Yamai ce. Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018 sun kawo kwalta da fitilu, amma yankan filaye na tafiya irin na Yamai, jigilar jama'a kuma na hannun kabu-kabu da adaidaita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garuruwanmu ba su kai girman da gyara zai gagara ba tukuna, kuma ware hanyar bas da filin makaranta yau ya fi rusa gidajen mutane gobe arha. Allah ya ba magabatanmu ikon dubawa.