Ka daina zagin Word, kai ne ba ka auna tebur ɗinka ba

Yau da ƙorafi na zo, kuma da kai nake, kai mai haɗa takarda a waya.

Ka haɗa jerin sunayen 'yan ƙungiya da lambobin asusunsu. A wayarka komai tsaf. Ka kai shago aka buga, sai ga lambar asusu ta rabe biyu: guda takwas a sama, biyu sun sauko ƙasa. Gidan lambar jeri kuwa ya yi faɗi kamar filin ƙwallo, suna ya matse har layi uku. Sai ka ce Word ne ya ɓata maka aiki, ko ka ce mai shago bai iya ba. A'a, malam. Kai ne ka bar manhaja ta raba maka faɗi yadda ta ga dama.

Kuma wannan ba maganar ado ba ce. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, lambar waya 11. Duk wadda ta karye biyu, mai kwafa zai iya tsallake na ƙasan, kuɗin wani ya maƙale saboda ganganci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu gyara da maɓallin tazara. Gida ya yi ƙaranci, sai mutum ya yi ta danna tazara wai yana tura rubutu. Wannan ɗinkin ɓarawo ne. Da an buɗe takardar a wata na'ura mai wani salon haruffa daban, komai ya tarwatse. Na biyu su ne masu jan layi da yatsa. Yatsa ba ma'auni ba ne, allon waya kuma ba takarda ba ce.

Ga lissafin da ya kamata ka fara yi. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne. Word yakan bar 2.54 a kowane gefe, wato inci ɗaya. Saura kusan 15.9. Wannan shi ne filinka, ba ka da ƙari. Idan ginshiƙai huɗu ne, ka raba kamar haka: lambar jeri 1.5, suna 7, lambar asusu 3.5, kuɗi 3.9. Shi ke nan. Telan da ya san aikinsa ba ya yanka yadi sai ya sa awo.

A Google Docs na waya, ka taɓa gida ɗaya a ginshiƙin da kake so, ka danna alamar A da ke sama, ka shiga Table, za ka ga Column width, ka ƙara ko ka rage. Kafin nan ka danna ɗigo uku ka kunna Print layout, don ka ga takardar yadda za ta fito, ba yadda waya ta lanƙwasa ta ba. Word na waya ma yana da yanayin kallo biyu, na waya da na bugawa. Mutane da yawa a na farkon suke aiki, shi ya sa suke shan mamaki a shago.

Idan ka samu kwamfuta, ka danna cikin tebur, ka shiga Layout, ka buɗe AutoFit ka zaɓi Fixed Column Width. Wannan ne zai hana gida kumbura duk lokacin da ka ƙara rubutu. Sannan a Table Properties ka shiga Column ka rubuta faɗin da kake so da lamba. In so kake duk su zo daidai, Distribute Columns na nan. In ma sai ka ja layi, ka riƙe Alt, awon zai fito a saman shafi. Ka kula: idan ka zaɓi gida ɗaya sannan ka ja, shi kaɗai zai motsa, tebur ya karkace.

Na san wani zai ce, "Ai AutoFit Contents ya isa." Yana da amfani a ƙaramin tebur, ban musa ba. Amma rubutu yake bi. Suna ɗaya mai tsawo ya shigo, sai ya sake fasalin tebur ɗin gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ba.

Na ƙarshe: in ka gama, ka mayar da takardar PDF, ka buɗe ta, ka duba kowace lamba da idonka kafin ka tura. Abin da ka gani a PDF shi za a buga.

Wanda ya gwada ya ga ba haka ba, ga wurin sharhi nan, ya zo mu yi ta. Ka tura wa sakataren ƙungiyarku, wataƙila shi ya fi kowa buƙata.