Madobiya: Dokar Hana Sara Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Duk wanda ya ratsa dazukan arewacin Ghana da rani ya san madobiya. A lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus, ita ce ke yin fure rawaya, sabon ganye ya biyo baya, makiyayi ya hau ya sassabo wa shanunsa. A Bamako har kasuwa ake kai ganyenta saboda masu kiwon raguna. Da itacenta ake sassaƙa balafon, jan ƙaronta kuwa rini ne kuma magani.

Abin da ya jawo mata masifa shi ne kyan katakonta. Attajiran ƙasar Sin na son kujeru da gadaje na jan katako, da irinsa ya yi ƙaranci a dazukan Asiya sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Daga Casamance ta Senegal zuwa arewacin Ghana da Kamaru, zarto bai huta ba. A 2016 aka sanya madobiya ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES, a 2018 kuma ƙungiyar IUCN ta lissafa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa.

Ghana ta sha haramta sararta, a ɗage, a sake haramtawa. To, ina amfanin kulle ƙofa alhali katanga a rushe take? An ba da lasisin kwashe itatuwan da aikin madatsar Bui da hanyar Fufulso zuwa Sawla zai ci, sai takardar ta zama mayafin sara a dazukan da aikin bai ko kusanta ba. Gungumen da aka kama kuwa, a baya an sha yin gwanjonsa, ya samu takarda, ya nufi tashar jiragen ruwa ta Tema. Wannan ai wanke haram ne da hatimin hukuma. A ganinmu, katakon da aka ƙwace kada ya ƙetare teku. A yi wa makarantun yankin benci da shi.

Mu ma mazauna zango da hannunmu a ciki. Daga cikinmu akwai direban tirela, akwai dillali, akwai mai masaukin baƙi masu saye. Kuma mu ne dai masu fataucin shanu, waɗanda ribarsu ta dogara da dabbar da ta ƙetare bazara da ƙiba. Itacen da ya shekara arba'in yana girma, kafin shayi ya huce an kayar da shi. Kuɗinsa ba ya kai damina, makiyayi kuwa baɗi sai ya ƙara nisan kiwo, ko ya faɗa gonar wani.