Gasar Lissafi da Yaran Cikin Badala

Gabatarwa

Da za a tara 'yan mata takwas a wani zaure a Yakasai ko Mandawari, wani ya tashi ya ce lalle akwai biyu a cikinsu da aka haifa a rana ɗaya ta mako, alhali bai tambayi sunan kowacce ba, da yawa daga masu sauraro za su ɗauka duba yake yi ko kuwa cika baki. Amma maganarsa gaskiya ce, kuma hujjarta ba ta fi layi biyu ba. Ranakun mako bakwai ne. Ko da an sami Ladi da Altine da Talatu da Balaraba da Lami da Jummai da Asabe, kowacce da ranarta, ta takwas ɗin ba ta da inda za ta faɗa sai a ranar ɗaya daga cikinsu. Wannan ɗan tunani shi ne masana lissafi ke kira ƙa'idar ɗakin tattabaru, wato idan tattabaru sun fi ɗakuna yawa, tilas biyu su kwana ɗaki ɗaya, kuma da shi ake warware tambayoyi masu wuyar gaske a manyan gasannin duniya.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, irin waɗannan tambayoyi na gasa sun cancanci su shiga kowane aji na sakandare a birnin Kano, a kowane mako, domin amfaninsu ga ɗalibin da ba zai taɓa zuwa gasa ba ya fi kyautar da zakara ɗaya zai kawo wa makaranta.

Yadda Gasar Take

An fara babbar gasar lissafi ta duniya ta 'yan sakandare a ƙasar Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai, a yau kuwa ƙasashe fiye da ɗari ne ke shiga. Kowace ƙasa tana aika ɗalibai shida. Tambayoyi shida ne kacal, uku a rana ta farko, uku a ta biyu, kuma ana ba da awa huɗu da rabi kowace rana. Ta Afirka an fara ta a Rabat ta ƙasar Maroko a 1987. Nijeriya ta fara aika 'yan takara gasar duniya a 2006, kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1988, ita ke shirya zagayen tace ɗalibai. Ban da wannan akwai gasar Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Nijeriya da ta kamfanin madarar Cowbell, waɗanda makarantu suka fi sani.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan lokacin nan: awa ɗaya da rabi ga tambaya guda. A jarrabawar kammala sakandare ɗalibi yakan amsa tambayoyi hamsin na zaɓi cikin kusan wannan lokaci. Bambancin a fili yake. Tambayar jarrabawa tana auna ko ɗalibi ya riƙe hanyar da aka koya masa, ita kuwa ta gasa takan ajiye shi a inda babu hanya, ta bar shi ya fasa tasa, sannan ya kawo hujjar da za ta gamsar da mai musu. Kayan aikin da ake bukata ba su wuce na sakandare ba: aljabara, da ilmin siffofi, da sanin halayen lambobi, da dabarun ƙirga, wanda daga gare shi ne lissafin yiwuwa ya tsiro.

Abin da aka saba gani a makarantu da dama kuwa shi ne, sai takardar gayyata ta iso sannan a zaɓi ɗalibai biyu ko uku da suka fi maki, a tsare su mako biyu ana ɗura musu amsoshin shekarun baya. In sun faɗi a ce tambayoyin sun fi ƙarfin yaran nan, in sun ci a ɗauki hoto a rataye a ofis. Sauran 'yan ajin ba su ji ko ƙamshin abin ba. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Gado

Akwai masu ganin cewa wannan irin lissafi baƙo ne a cikin badala. Tarihi bai goyi bayansu ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, kuɗin kasuwa wuri ne, kuma ba a zare ake shirya shi ba, da hannu ake ƙirga shi biyar-biyar har a cika keso na dubu ashirin. Fataken Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da ka suke sarrafa dubban nan.

A zaurukan malamai irin na Madabo kuma ana karanta babin gado, wanda kusan dukkansa lissafin ɓangarori ne. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Matar tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa da uba kowane yana da sudusi. Idan aka kasa dukiyar kashi 24, rabon zai kasance 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27, wato haƙƙoƙin sun fi dukiyar yawa. Malamai sun warware wannan da abin da suke kira auli: a mai da kason 27, ragin ya shafi kowa daidai gwargwadon rabonsa. Littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa aka sami kalmar aljabara, babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya yake. Saboda haka almajirin da ya iya rabon gado ya riga ya taka ƙofar aljabara, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Hatimi da Aljabara

Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu nazarin tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Ko mene ne ra'ayin mutum game da abin da wasu ke yi da hatimi, lissafin da ke cikinsa tsantsar lissafi ne.

Ga tambayar gasa daga ciki. An jera lambobi 1 zuwa 9 a gidaje tara, uku a tsaye uku a kwance, ta yadda kowane layi, har da biyun da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlarsa ɗaya ce. A tabbatar da cewa lambar tsakiya tilas ta zama 5. Mai gwaji zai yi ta canza lambobi har ya dace, amma dacewa ba hujja ba ce. Mai tunani zai ce: jimlar lambobin duka 45 ce, layukan kwance uku ne, ke nan kowane layi 15 ne. Layuka huɗu ne ke bi ta tsakiya, jimlarsu 60. A cikin layukan nan huɗu kowace lamba ta gefe ta fito sau ɗaya, ta tsakiya kuwa ta fito sau huɗu. Wato 60 daidai take da 45 a tara da ninki uku na lambar tsakiya. Ninki ukun nan 15 ne, lambar kuwa 5. Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare zai iya bin wannan, kuma ranar da ya gane shi ya san bambancin "na gwada ya yi" da "ba zai yiwu ya zama wani abu dabam ba".

Rumbu da Ƙofofi

A ilmin siffofi, a ba ɗalibai igiya mai tsawon mita 40 a ce su kewaye fili mafi girma da ita. Mai tsawon 15 da faɗin 5 zai sami murabba'in mita 75. Mai yin 10 da 10 zai sami 100. Wanda ya yi da'ira kuwa zai sami kimanin 127. Igiya ɗaya ce, amma siffa ta ƙara fili. Daga nan malami zai iya tambayarsu abin da suka lura da shi game da bakin rumbu da na rijiya da na karofin Ƙofar Mata, su da kansu su gano cewa da'ira ce ke ba da ciki mafi yalwa da bango mafi ƙaranci.

A dabarun ƙirga kuma, a ɗauki ƙofofi goma sha biyar na ganuwa, irin su Nassarawa da Wambai da Mazugal da Kabuga da Na'isa. Ta hanya nawa baƙo zai shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata dabam? Yana da zaɓi 15 na shiga, 14 na fita, jimla 210. To, in za a shimfiɗa titi ɗaya tsakanin kowace ƙofa da 'yar'uwarta fa? Amsar 105 ce, domin titin Kabuga zuwa Wambai shi ne dai na Wambai zuwa Kabuga. Sanin lokacin da ake rabawa biyu da lokacin da ba a rabawa shi ne rabin wannan fanni, kuma hadda ba ta koyar da shi.

Inda Abin Ya Shafi Rai

Lissafin yiwuwa shi ne ya fi kusa da rayuwar iyali. Gregor Mendel, wanda ya buga sakamakon bincikensa a 1866, ya ƙirga ƙwayoyin wani irin wake 7,324, ya sami 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji. Wani zai ga lambobi kawai. Shi da yake ya karanci lissafi, sai ya ga uku bisa ɗaya, daga nan kuma ilmin gadon halitta ya samo tushe.

Wannan ƙa'ida ce ke aiki a cutar amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da nau'in jini na AS. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya bisa huɗu ya zo da SS. Jama'a da yawa, har da masu ilmin zamani, sukan fahimci wannan da cewa in ɗan fari ya zo da cutar, uku na bayansa sun tsira. Wannan kuskure ne babba, domin kowane ciki sabon lale ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Wasu kuma sukan ce ai ɗaya bisa huɗu kaɗan ne. To, a lissafa wa ma'auratan da za su haifi 'ya'ya huɗu. Yiwuwar dukkansu su kuɓuta ita ce uku bisa huɗu sau huɗu a jere, wato 81 cikin 256. Ke nan yiwuwar a sami aƙalla ɗaya mai SS ita ce 175 cikin 256, kimanin kashi 68 cikin ɗari.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin nau'in jini. Doka za ta iya sa a karɓo takardar sakamako daga asibiti, amma fahimtar abin da takardar ke nufi sai wanda aka koya wa tunani da lambobi. Saurayi da budurwar da za su yanke wannan shawara nan da 'yan shekaru, yau suna zaune a aji biyu na sakandare, kuma yawancinsu ba sa cikin ukun da ake zaɓa zuwa gasa.

Uzurin Malamai

Malamin lissafi zai ce manhaja tana da faɗi, aji ya cika ya batse, jarrabawar fita kuma ba ta jira. Zai ƙara da cewa yaron da bai iya rabawa ba, ina shi ina tambayar gasa. Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ba bai kamata ya raina shi ba. Sai dai tambayoyin da aka kawo a sama babu wadda ta nemi littafi ko na'ura, alli da igiya sun wadatar. Tambaya ɗaya a ranar Litinin, a rubuta ta a gefen allo a bar ta har Juma'a, sannan a ba da minti goma sha biyar a ji hujjojin ɗalibai, ba za ta hana a gama manhaja ba. Bugu da ƙari, sau da yawa wanda ke fara gano bakin zaren irin wannan tambaya shi ne yaron da ke bayan aji, wanda ke taya mahaifinsa ciniki a Kwari ko Kurmi, ba lalle mai ɗaukar na ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne harshe. A bar ɗalibi ya fara kawo hujjarsa da Hausa, in ta tsaya da ƙafafunta sannan a taya shi mai da ita Ingilishi. Yaron da aka tilasta wa yin kokawa da tunani da baƙon harshe a lokaci ɗaya yakan saki duka biyun ya koma hadda.

Kammalawa

Kano ta taɓa gwada irin wannan niyya ta ga amfaninta. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, domin an yi shiri da gangan, an kuma jure. Abin da ake nema yanzu bai kai wannan tsada ba. Sassan lissafi na jami'o'in jihar za su iya tattara tambayoyi ɗari da Hausa da Ingilishi, da misalan gida, su raba wa makarantu. Makarantun cikin gari, daga Kwalejin Rumfa zuwa ƙananan sakandaren unguwanni, za su iya shirya zaman warware tambayoyi sau ɗaya a wata, maza da mata. Idan aka ɗore a kan haka, zakarun da za su je Abuja za su fito da kansu. Sauran kuwa, waɗanda za su zama 'yan kasuwa da alƙalai da ma'aikatan jinya da iyaye, za su bar makaranta da ɗabi'ar tambayar hujja kafin su yarda da lamba.