Kafin Ki Zuba Kuɗinki A Fili Ko Gida

 

Kwanakin baya bayan an tashi daga makaranta, wata ɗalibata ta tsayar da ni tana hawaye. Ta sayar da gwala-gwalanta, ta haɗa da kuɗin adashi da gadon mahaifinta, ta ba maigida ya sai mata gida don zuba 'yan haya. Ya saya kuwa, amma da sunansa, kuma ba shaida ko ɗaya. Allah Ya yi masa rasuwa, gida ya faɗa cikin gado. Yanzu tumuni za ta samu, wato kashi 1 cikin 8, shi ma su raba da kishiyarta. Mijin nan bai cuce ta ba, kunya ce ta cuce ta.

'Yar uwa, sayen gida jari ne mai kyau, musamman yadda darajar naira ke zagwanyewa. Musulunci kuma ya ba ki 'yancin mallakar dukiyarki. Amma ki tuna, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu wajen ciniki ta sauka. Don haka neman a rubuta sunanki ba rashin ladabi ba ne ga miji ko yaya.

Abu na farko, takarda. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar shaidar mallaka kuma yawanci ta shekara 99 ce. Sa hannun mai unguwa yana da amfani, amma bai kai ta gwamnati ƙarfi ba. Ki tura amintacce ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a duba ko takardar ta gaskiya ce, ko ba a jinginar da gidan a banki ba. Filin awon igiya yana da araha, sai dai sau da yawa akan sayar da guda ga mutum biyu, ko daga baya hanya ta bi ta kansa.

Na biyu, ki yi hattara da gidan gado da ba a raba ba. Idan magaji ɗaya bai yarda ba, ko akwai marayu a ciki, shari'a kika saya da kuɗinki.

Na uku, a je a ga wurin da damina, ba da rani ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da ta Maiduguri a 2024, sun isa darasi. Ki tambayi maƙwabta, domin dillali la'adarsa yake nema.

Na huɗu, lissafi. Kuɗin haya ba duka ne riba ba. Akwai yoyo, akwai yasar shadda, akwai ɗan hayar da zai shekara bai biya ba. Kuma gida ba ya sayuwa a kwana ɗaya idan lalurar asibiti ta taso, saboda haka kada ki zuba duk abin da kika mallaka. Ki nesanci bashin ruwa komai daɗin bakin mai bayarwa. Zakka ba ta hawa kan gidan haya shi kansa, tana hawa ne kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi ya shekara.

Idan kuma haɗin gwiwa za ku yi da maigida, ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki ce, "Baban yara, mu rubuta kason kowa saboda halin rai." Namijin kirki ba zai ƙi ba, don shi ma kin sauke masa nauyi ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya ba mu halal mai albarka. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.