Kwana huɗu a Faris da yara: ƙafar ɗan auta ce ma'auni

1/ Zaren nan da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Da hutun makaranta ya ƙarato sai ka ga jadawalin tafiya yana yawo a hannun mutane: Faransa kwana biyu, Beljiyam kwana ɗaya, Holan kwana ɗaya, ga yara uku. Ni dai a wurina wannan wahala ce aka saya da yuro.

2/ Ra'ayina a taƙaice: in kwanakinku ba su wuce huɗu ko biyar ba, ku zauna a gari ɗaya, ku ga babban abu ɗaya a rana, sauran lokacin ku bar wa yara. Da Faris zan yi misali, amma ko Rom ce ko Basalona hukuncin bai canza ba.

3/ Dalili shi ne, ƙafar ɗan auta ce ke auna tafiyar iyali. Duk ranar da ɗan shekara 4 ya zauna daɓas a bakin titi ya ce ba ya tashi, to yawon ranar ya ƙare, ko tikitin yuro nawa ne a aljihunka.

4/ Na san abin da maigida zai ce: "Malam, ka san nawa na zuba a jirgi? Ka san wuyar biza? Wa ya san ranar da za mu sake zuwa?" Gaskiyarka, ban raina maganar ba. Amma zo mu yi lissafi tare.

5/ Ranar sauya gari a haɗa kaya, a bar otal kafin azahar, a ja akwatuna zuwa tasha, a isa wani garin a jira ɗaki har wajen ƙarfe 3. Yini guda ya tafi. Ƙasa uku a kwana huɗu, rabin kuɗinka tasha ka biya ka gani. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

6/ Kuma mu faɗi gaskiya, wa ke haɗa kayan nan? Wa ke neman takalmin da ya ɓata a ƙarƙashin gado, wa ke rarrashi a cikin jirgin ƙasa? Uwargida ce. Jadawalin da bai bar mata ko awa ɗaya ta miƙe ƙafa ba, hutun maigida ne shi kaɗai.

7/ Biza tukuna. Ta Schengen yuro 90 ce ga babba, yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kyauta. Ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu. In aka hana, kuɗin ba ya dawowa.

8/ Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, don haka kar a jira sai yara sun gama jarrabawa. Kowane yaro da fasfonsa da takardar haihuwarsa. In uwa ce kaɗai za ta tafi da su, ko uba, sai da rubutacciyar amincewar ɗayan. Ga inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000.

9/ Doka ta ce ka nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Kun ga gari ɗaya ya sauƙaƙa maganar: ƙasa ɗaya, masauki ɗaya, tikitin zuwa da dawowa. Babu kame-kame a takarda.

10/ Wani sauƙin Faris gare mu: daga Abuja wajen awa shida ne a sama in jirgin bai tsaya ko'ina ba. A lokacin sanyinsu agogonsu daidai yake da na Kano da Yamai, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma sun riga mu da awa ɗaya tak. Barcin yara ba ya rikicewa.

11/ Masauki. Ɗakunan otal a Faris ƙanana ne, kuma kowane ɗaki da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki. Babu zancen "yara ne, za su raɓa a ƙasa". Iyali mutum biyar galibi ɗaki biyu ne, ko gidan haya mai kicin.

12/ Ni gidan mai kicin nake zaɓa. Yaron da ya ƙi abincinsu, tukunyar taliya ko shinkafa ta raba gardama. Amma a tambaya kafin a biya: bene na nawa ne, akwai lif? Tsofaffin gidajen garin da yawa matakala ce zalla har hawa na biyar ko shida.

13/ Kar arahar masauki a bayan gari ta ruɗe ka. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki za ka biya shi da awa biyu a hanya kullum, kuma ka rasa damar komawa gida barcin rana. Wallahi barcin ranan nan shi ne sirrin zaman lafiyar tafiyar.

14/ Zirga-zirga. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, yana da sauri, amma yawancin tashoshinsa babu lif. Layi na 14 ne aka yi wa lif a kowace tasha. Mai keken tura jariri ya fi samun sauƙi a bas, ga shi yara na kallon gari ta taga.

15/ Yaron da bai kai shekara 4 ba kyauta yake hawa, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi. A metro a riƙe waya da jaka da kyau, 'yan sane sun san baƙon da yara suka ɗauke wa hankali. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai lambar wayarka da adireshin masauki.

16/ To ga yadda zan raba kwana huɗun. Ranar isowa ba a sayen tikitin komai. A yi wanka, a ci abinci, da yamma a hau jirgin ruwan yawo a kogin Seine. Kamar awa ɗaya ne, kowa na zaune, ga Hasumiyar Eiffel, ga Louvre, ga cocin Notre-Dame da aka sake buɗewa a Disambar 2024 bayan gobarar 2019.

17/ Rana ta biyu, Hasumiyar Eiffel da safe. An gama ta a 1889, tsayinta mita 330. A sayi tikiti ta intanet tun daga gida, a zaɓi lokaci. Zuwa hawa na biyu ya wadatar. Masu ƙarfi a jika akwai matakala 674, kuma tikitinta ya fi na lif araha.

18/ Bayan la'asar sai lambun Luxembourg. Akwai tafki a tsakiya inda ake hayar 'yan ƙananan kwale-kwalen katako, yara na tura su da sanda, ga filin wasa. Ina da yaƙinin in kun dawo gida, wannan yaro zai fi ba da labari a kan hasumiyar.

19/ Rana ta uku ita na fi so, don komai a unguwa ɗaya yake. Lambun Jardin des Plantes yana da gidan dabbobi tun 1794, da wani babban zaure da aka jera giwaye da raƙuman dawa da jakunan jeji da aka busar, kamar suna tafiya a ayari. Zauren ba ya buɗewa ranar Talata.

20/ Ka tsallaka titi sai Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A yi salla, a sha shayin na'ana'a a wurin shayin da ke jikinsa, a ba manyan yara wannan tarihin.

21/ Louvre fa? Ga inda wasu za su yi min ca. Zanen Mona Lisa santimita 77 ne da 53, yana bayan gilashi, jama'a cunkus a gabansa kowa da waya a sama. Ɗan shekara 5 bayan mutane kawai zai gani. In yaranka duk ƙanana ne, ni na ce a bar shi.

22/ In sun haura shekara 9 ko 10, a je, amma da niyyar awa biyu da ɓangare ɗaya: kayan tarihin Masar, ko sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya, sai dai a kama musu lokaci ta intanet. Shi ma Talata a rufe yake.

23/ Ranakun rufewar nan suna kunyata baƙi. Fadar Versailles da gidan tarihin Orsay Litinin suke hutu, haka ma cibiyar kimiyya ta La Villette mai sashe na musamman na yara. A duba kafin a fito, kar a sha tafiya a tarar da ƙofa a garƙame.

24/ Rana ta huɗu ta yara ce, su zaɓa. In Disneyland suka ce, tana wajen kilomita 32 gabas da gari, jirgin RER A ke zuwa. Yini guda take ci cur, kuma kuɗin shiga ba wasa ba. Kar a haɗa ta da komai. Wasu lilunan sai yaro ya kai wani tsayi, ɗan ƙarami kallo ne nasa.

25/ Abinci. Gidajen abinci da yawa daga 12 zuwa wajen 2 suke ba da na rana, sai kuma 7 na dare. Cikin yaro bai san wannan tsarin ba, don haka burodi da ayaba da ruwa su zauna a jaka. Ruwan famfonsu ana sha, kuma a gidan abinci kyauta ne in ka ce carafe d'eau.

26/ Kalmomi uku a haddace: porc, jambon, lardons, duk naman alade ne. Alewa mai danƙo a duba ko an rubuta gélatine. Mahautan halal suna da yawa. In kewar miyar gida ta taso, a sauka a tashar Château Rouge a layi na 4: doya, kuɓewa, busasshen kifi, attaruhu, duk akwai.

27/ Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 na dare, magariba kenan, isha'i sai can. Walƙiyar fitilun Eiffel ta minti biyar a farkon kowace awa sai duhu ya yi, lokacin yara sun daɗe da barci. A Disamba kuma kafin 5 rana ta faɗi, ga sanyi. Ni Mayu ko ƙarshen Satumba na fi so, in makaranta ta bari.

28/ Wani zai ce to ai an bar abubuwa da yawa ba a gani ba. Ƙwarai kuwa. Ko mazauna garin ba su gama ganinsa ba. Tambayar ita ce, da me yara za su dawo: da labarin kwale-kwale da giwa da masallaci, ko da tunanin Baba yana ta faɗa a tasha don jirgi zai tashi?

29/ Hoton da za a sa a WhatsApp ba ya nuna kukan da aka yi kafin a ɗauke shi, amma yaro yana tunawa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Gari ɗaya, abu ɗaya a rana, barcin rana, sannan yini guda da ba a tsara masa komai ba.

30/ Masu shirin tafiya, Allah ya sa a samu biza, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Waɗanda suka taɓa zuwa da yara, musamman iyaye mata, ku faɗa mana: wane wuri ne yaranku suka fi so, wanne ne kuka ce da kun sani da ba ku biya ba?