Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Wanda ya bi ta Unguwar Kanawa da sassafe, ko da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin samari suna motsa jiki ba, waɗansu na gudu a bakin hanya, waɗansu na ɗaga ƙarfe. Wannan ba abin mamaki ba ne ga unguwar da ke maƙwabtaka da tsohon mazaunin Makarantar Horon Hafsoshin Soja, wadda aka buɗe a Kaduna cikin 1964. Yaron da ya tashi yana ganin ƙarfafan maza lalle zai so ya zama kamarsu, mu kuwa muna yaba wannan himma. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne, akwai waɗanda ba su da haƙurin jiran tsoka ta zo da gumi, sai su neme ta a ƙwaya ko a allura, sa'an nan in ciwo ya kai su asibiti su ɓoye wa likita.

Magungunan nan na gina tsoka, waɗanda likitoci ke kira sitiroyid, kwaikwayo ne na wani sinadari da 'ya'yan maraina ke yi, watau testostiron, wanda ke sa murya ta buɗe, gemu ya tsiro, ƙirji ya faɗaɗa. Cikin 1935 ne masana a Jamus da Suwizalan suka gano yadda za a haɗa shi a ɗakin bincike, cikin 1958 kuma ƙwayar Dianabol ta shiga kasuwa a Amurka. Allurai irin su Sustanon da Deca-Durabolin duk dangi ɗaya ne. Asalinsu don marasa lafiya aka yi su, kuma bisa ƙa'ida ba a sayar da su sai da takardar likita. Duniya ta farga da sha'aninsu sosai cikin 1988, sa'ad da Ben Johnson na Kanada ya ci tseren mita 100 a wasannin Olamfik na birnin Seoul cikin daƙiƙa 9.79, aka sami irin wannan magani a fitsarinsa, aka ƙwace lambar zinariyar bayan kwana uku.

To, tsoka dai tana fitowa, wannan ba mu musa ba. Amma ɓarnar a ciki ta ke, inda madubi ba ya nunawa. Jini yakan yi kauri, har ma'aunin da ake kira PCV ya haura. Na lafiyayyen namiji yakan tsaya tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, in kuwa ya wuce 54, likitoci sukan dakatar da maganin ko ga wanda su da kansu suka rubuta wa, don gudun kada jini ya daskare a jijiya. Kitse mai amfani da ke cikin jini yakan ragu, mai toshe jijiya ya ƙaru. Hawan jini yakan biyo baya, naman zuciya ya yi kauri. Irin na haɗiya kuwa hanta su ke wahalarwa. Abin da ya fi ba da tausayi, idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya raunana. Saurayin da ya cika riga a waje yana iya yin aure ya shekara da shekaru yana neman haihuwa, a yi ta ɗora wa matarsa laifin da ba nata ba. Masu karɓa-karɓa da allura ɗaya kuma suna buɗe wa ciwon hanta da ƙanjamau ƙofa.

Waɗansu suna tsoron gwajin jini, wai zai tona musu asiri. Ya kamata su sani gwajin da ake yi a asibiti yau da kullum ba ya faɗin sunan maganin da mutum ya sha, alamun ɓarnar kaɗai ya ke nunawa. Idan likita ya ga jini ya yi kauri, hanta ta nuna gajiya, mai ciwo kuwa ya rantse ba ya shan kome, dole ya shiga laluben wata cutar dabam. A yi ta gwaji bisa gwaji, kuɗi na tafiya, lokaci na ƙurewa, alhali kalma ɗaya ta isa ta gajarce wahalar. Wanda ya faɗi sunan abin da ya sha, da yawansa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha, ya ba likita rabin magani. Ko mai niyyar bari ma yana bukatar likita, gama bari farat ɗaya yakan jawo kasala da baƙin ciki da mutuwar sha'awa har watanni, abin da ke mai da mutane da yawa ruwa. Ranar wanka, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi.

Amma fa ba za mu ɗora wa samari laifin duka ba. Mun san abin da ke sa su yin shiru. A unguwa irin wannan kowa ya san kowa. Mai ba da kati a asibiti yana iya zama maƙwabci, mai ɗibar jini abokin wan mutum ne, mai jinya kuwa ƙawar gwaggon yarinyar da ya ke nema. Yaro yana tsoron abin da ya faɗa a ɗakin likita da hantsi ya riga shi isa majalisar unguwa da magariba. Muddin wannan tsoro na nan, wa'azinmu ba zai yi tasiri ba.

Saboda haka muna so jama'a su san doka tana bayansu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk labarin da ya shafi lafiyar mutum, da maganinsa, da zamansa a asibiti, asiri ne. Ba a fid da shi sai mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umurni, ko wata doka ta tilasta, ko kuwa ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Iyaye suna da ikon tambaya a kan yaron da bai kai shekarun girma ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sa labarin lafiya cikin abubuwan da ake tsarewa tsaro na musamman. Iyaka muna jawo hankali ga abu guda: likitan da hukuma ta sa ya auna masu neman aiki, ko masu gwajin 'yan wasa, rahotonsu ga wanda ya aike su ya ke zuwa. Wannan dabam ya ke da likitan da mutum ya je wurinsa da ƙafarsa neman lafiya.

Doka a takarda ta ke, masu riƙon takardar su ne ku, malaman ofis. En'e ta tafi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma amanar akawu tana nan yadda ta ke. Fayil ɗin mai ciwo ba abin hira ba ne, ba a barinsa buɗe bisa tebur, ba a ɗaukar hotonsa a waya, ba a kiran sakamakon gwaji da ƙarfi a gaban layi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, magana kuwa zarar bunu ce. Ku kuma malaman makaranta, ku ne kuke fara ganin yaron da jikinsa ya kumbura cikin 'yan watanni, ƙuraje suka feso masa a baya, fushi ya yi masa yawa. Kada ku kunyata shi gaban aji. Ku ja shi gefe, ku nuna masa hanyar asibiti, ku tabbatar masa likita neman lafiyarsa ya ke, ba alƙali ba ne.

Idan ma'aikaci ya riƙe bakinsa, mai ciwo zai buɗe nasa. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu ikon riƙon amana, amin.