Hoto baƙi da fari: Idan ɗan ajinku ya ce ka gyara

A wannan mako mun karkata akalarmu zuwa ƙasar Gobir, wajen ƙannenmu na makarantun sakandaren Sabon Birni da Isa, a bakin iyakar Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. Maganarmu a kan hoto ce, baƙi da fari, irin wanda ake tsinta a ƙasan akwatin kakanni, da kuma yadda 'yan aji ɗaya za su zauna su duba hotunan juna, su yi wa juna gyara ba tare da an ɓata ba.

Duk mun san yadda abin yake. Ka nuna wa abokinka hoton da ka ɗauka, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce "kai, ya yi kyau," ko ya ce "wannan me ye haka?" ya fashe da dariya. Ta farko tana faranta rai, ta biyu tana sosa rai, amma ko wacce aka ba ka, gobe irin hoton jiya za ka sake ɗauka, domin ba a nuna maka inda ka dace ba, balle inda ka kauce.

Me ya sa muka zaɓi baƙi da fari? Saboda kala tana rufa wa mai hoto asiri. Atamfa mai ja da ruwan ɗorawa takan ɗauke hankalin mai kallo, har ya manta bai ga fuskar mai atamfar ba. Da zarar an cire kala, abin da ya rage shi ne haske da inuwa da siffar abu. A nan ne tsagar katangar laka take fitowa, da saƙar tabarma, da zanen Gobirawa a kumatun dattijo. A nan ne kuma kuskure yake fitowa fili. Ga misali: jan barkono a kan koren ganye yana ɗaukar ido a kasuwa, amma a hoto baƙi da fari su biyun suna iya komawa toka-toka iri ɗaya, a kasa raba su. Ƙarin amfani shi ne arha. Kusan kowace waya mai kyamara tana iya mayar da hoto baƙi da fari, kuma bugawa a takarda a shagon kwamfuta ya fi na kala sauƙin kuɗi. Waya ɗaya ta malam ko ta wani yaya ta ishi aji guda, in shugaban makaranta ya ba da izini.

To, yaya za a yi zaman? Kowa ya kawo hoto ɗaya tak, a manna a allo, a sa masa lamba da alli maimakon suna. Rashin sunan yana da muhimmanci, domin idan an san na wane ne, abota da gaba ne za su yi magana. Mai hoton ya yi shiru har a gama. Masu gyara kuma su bi matakai uku.

Na farko, faɗi abin da ka gani kafin ka faɗi abin da kake ji. "Ina ganin tsohuwa tana sussuka, akwai rumbu a bayanta, haske ya fito ta hagu." Wannan kaɗai gyara ne. Idan mai hoton tsohuwar ya nufa, amma mutum biyar suka fara ambaton rumbu, ya gane cewa rumbun ya cinye hoton.

Na biyu, ɗora yatsa. Duk yabo ko suka da ba za ka iya nuna wurinsa da yatsa a kan takarda ba, riƙe abinka. A maimakon "ya yi duhu," sai ka ce, "Farin kaftanin nan ya yi haske ƙwarai, fuskar kuma ta nutse, ba a ganin idanu." Wannan matsala ce da za ku yi ta gamuwa da ita, domin mutanenmu suna son fararen kaya, waya kuma takan auna haskenta da farin, sai fuska ta tafi. Maganinta shi ne a taɓa fuskar a gilashin waya kafin a ɗauka, ko a matso da mutum inuwar ƙofar zaure.

Na uku, ba da shawara ɗaya wadda za a iya aikatawa gobe. "Ka koma da hantsi ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido." Ko kuma, "Ki matsa taku biyu dama, sandar lantarkin nan ta daina fitowa daga kan yaron." Ko, "Hazon hunturu ya sa komai ya yi dishi-dishi, ka sa wani abu mai duhu a gaba, kamar amalanke ko kututturen giginya." Shawara ɗaya ta isa. Wanda aka jibga wa gyara goma lokaci guda ba ya tuna ko ɗaya.

Kada ku ɗauka wannan wasan yara ne. Manyan masu hoto na duniya ma da idon 'yan uwansu suke auna aikinsu. Ƙungiyar Magnum, wadda aka kafa a 1947, ba a zama ɗanta sai waɗanda ke ciki sun zauna sun duba hotunan mutum sun jefa ƙuri'a. A Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé yakan ɗauki hotunan samari da 'yan mata a wuraren biki, ya wanke, ya manna ƙanana a kan kwali a shagonsa, masu bikin su zo su duba su zaɓi wanda ya yi musu. Waɗannan matasa su ne alƙalansa na farko, tun kafin 2007 da aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinare a birnin Venice na Italiya. A nan gida Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara wajen dubu, baƙi da fari, da yawansu ta ƙeya, bango babu komai. Idan kun samu intanet ku nemi aikinsa ku gani. Ya cire duk abin da zai raba hankali, ya bar kitson kaɗai. 'Yan mata, wannan aikin a tsakar gidanku yake, duk ranar da aka zauna kitso.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta sa muka ambaci Sabon Birni da Isa da suna. Ba sai mun gaya muku halin da yankin yake ciki ba, ku ne a ciki. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyuka, dubban mutane sun bar gidajensu, wasu sun taru a cikin gari, wasu sun tsallaka Jihar Maraɗi. A 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomin nan biyu da wasu maƙwabtansu saboda matsalar tsaro. A irin wannan wuri hoto yana iya jawo wa mutum abin da bai nema ba. Saboda haka a ajinku akwai tambaya ta huɗu, kuma ita ya kamata a fara yi: wanda ke cikin hoton nan ya yarda? In hoton ya fita, zai cutu?

A nan ɗan ajinku ya fi kowane gwani na Legas ko na Turai amfani. Baƙo zai ga garken shanu da inuwarsu a kan yashi ya yaba. Ɗan ajinku shi zai ce, "Wannan garken gidan su wane ne, ga tsamiyar ƙofar gidansu nan, duk wanda ya gani ya san inda suke kwana." Baƙo zai ga mata sun yi layi da kwanoni ya ce hoton ya taɓa zuciya. 'Yar ajinku ita za ta ce, "Baiwar Allah ta ukun nan matar aure ce, da gidanta da rufin asirinta kafin a kore su, ba za ta so a gan ta haka ba." Wanda ya faɗi irin wannan ya yi maka alheri, ko da hoton shi ne mafi kyau da ka taɓa ɗauka. A cire shi daga allo, kuma kada ya hau Facebook ko WhatsApp, domin abin da ya shiga can ba ya dawowa. Haka nan a kiyayi ɗaukar jami'an tsaro da 'yan sa-kai da shingayen bincike. A kuma duba waya a kashe alamar wuri, saboda wayoyi da yawa suna ajiye inda aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa.

Wannan ba yana nufin a ajiye kyamara ba. Wanda bai taɓa zuwa ba, in ya ji sunan Sabon Birni ko Isa a rediyo, labarin hari kawai yake ji. Alhali nan ce ƙasar Alƙalawa, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808. Nan ne Gulbin Rima da fadamunsa, da masu noman rani, da maƙera, da almajirai masu wanke allo da asuba. Idan ku ba ku ajiye hoton wannan rayuwa ba, nan da shekara 50 jikokinku ba za su tarar da komai ba sai hotunan kufai. Sai dai muna jan kunne: babu hoton da ya kai ran mutum. Kada wani ya ce zai fita daji ko ya nufi kufan Alƙalawa don neman hoto. Abin da ke tsakanin gidanku da makaranta ya ishe ku aikin shekara.

Saura wanda ake wa gyara. Mun san da zafi a ce abin da ka sha wahala a kansa yana da aibi, musamman a gaban 'yan aji. Amma Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka rubuta abin da aka faɗa, ka yi godiya, sannan a ba ka minti ɗaya ka faɗi abin da ka nufa. Ba dole ne ka karɓi kowace shawara ba. Wataƙila duhun da aka ƙi da gangan ka sa shi, kuma kana da hujja. Amma in mutum uku da ba su haɗa baki ba suka ɗora yatsa wuri ɗaya, to ka sake duba wurin. Mai gyara kuma ya tuna laifi tudu ne, kuma hotonsa na nan a allo yana jiran layi. Gobirawa gwanayen barkwanci ne, tambayi taubasansu Yarbawa, amma a bar zolaya a bakin ƙofar aji. Yarinyar da aka yi wa dariya ranar farko ba za ta sake kawo hoto ba, alhali wataƙila ita ce mai idon da ya fi na kowa.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki hoton hannu yana aiki: hannun mai kitso, na mai saƙar tabarma, na mai yankan albasa, na malami riƙe da alli. Hannu kawai, ban da fuska, kuma a nemi izinin mai hannun, a nuna masa hoton kafin a kai aji. Ku yi zaman gyara, kowa ya koma ya sake ɗaukar nasa bisa shawara ɗaya da ya zaɓa, sannan ku jera na farko da na biyu a allo ku gani ko an samu bambanci. Ajin da ya gwada ya rubuto mana ta hannun malaminsa, ya gaya mana wace shawara ce ta fi yin aiki, za mu karanta a wannan fili.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya, Ya ba ku sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.